Magoya Bayan Aro daga Nyanya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa motar wani ofishin jakadanci a Maitama, unguwar manya a Abuja, kuma duk tsawon lokacin nan ban samu mutum ɗaya a layinmu na Nyanya da ya san ƙasar ba. In na faɗi sunanta sai a ce, “A ina take?” In na ce tsibiri ne a tsakiyar teku, sai a ce, “Allah sarki,” kamar na ba da labarin rashin lafiya. Ofishin ma ɗaki uku ne a saman wani bene. Mu huɗu ne a ciki: jakadan, da wata mata mai amsa waya da buga takardu, da mai gadi, sai ni. 'Yan ƙasar mazauna Abuja kuwa, ranar bikin 'yancin kansu na taɓa kwaso su kaf a sawu ɗaya, har wani ya samu wurin miƙe ƙafa a kujerar baya.

A wurin aikin nan na gane cewa ƙwallon duniya ma tana da Maitamarta, tana da Nyanyarta. Kafin manyan ƙasashe su ɗaura igiyar takalmi, ana tara ƙananan a gefe a ce su fara rage junansu. Wasan share fage ake kiransa. Wasa biyu ne, ɗaya a gidanka, ɗaya a gidan abokin karawarka, wanda ya faɗi ya koma ya jira wasu shekarun. Ba a nuna shi a gidajen kallo, ba a musu a kansa a teburin mai shayi. Ranar da za a buɗe gasar ta gaske, ana kiɗa ana wasan wuta, ƙasar ogana ta daɗe da fita, 'yan wasanta har sun manta inda suka ajiye rigunan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ko wasan gidan ma ba sa samu. Masu duba filaye za su je tsibirin da takardunsu, a sauke su a otal a ba su kifi su ci su ƙoshi, sannan su zagaya filin su ce fitilu ba su isa ba, ciyawa ba ta yi ba, kujeru babu lamba. Sai a ce wa ƙasar ta nemi fili a wani wuri ta kira shi gida. Haka suke yawo da gidan nasu, bana nan, baɗi can. Wata shekara sai yawon ya faɗo Abuja.

Sun riga sun buga wasan farko a can gidan abokan karawar tasu, an ci su ɗaya da nema, wanda a wurinsu kusan abin a yi walima ne. Saura na biyu. Jakadan ya sa aka ɗauko hayar wata farar bas, aka damƙa mini makulli, aka ce kwana huɗu ni ne direban ƙasa guda.

Na je filin jirgi ina zaton zan ga irin mutanen da muke gani a talabijin, masu abu a kunne da manyan agoguna. Sai ga wasu bayin Allah sun fito, kowa da jakarsa a kafaɗa, biyu suna kinkime da buhun ƙwallaye. Daga baya na ji cewa ɗaya masunci ne, ɗaya ɗan sanda, wasu suna dako a tashar jirgin ruwa. Wanda ya fara miƙo mini hannu dogo ne mai furfura a gefen kunne, yatsunsa biyu a karkace. Shi ne golansu, shi ne kuma kyaftin. A gida malamin firamare ne. Turancinsa gurgu ne, nawa ma yana ɗingishi, don haka muka fahimci juna sosai.

Washegari da la'asar na kai su atisaye a babban filin wasa. Kyaftin ɗin ya tsaya a tsakiya, ya juya a hankali yana kallon kujerun nan hawa-hawa, babu kowa sai tsuntsaye. Da aka tashi, sauran suna shiga mota, ya zo ya tsaya kusa da ni ina goge gilashi.

“Direba, mutane za su zo?”

Na ce, “Waɗanne mutane, Kyaftin?”

Ya ɗan yi dariya. Sai ya shiga ba ni labari, kalma bayan kalma, yana lalubo Turancin. Shekara goma sha biyar yana tsaron ragar ƙasarsa, kuma bai taɓa buga wasan share fage da mutanensa a bayansa ba, ko sau ɗaya. In a waje ne, waɗanda ke bayan ragar zaginsa suke yi. In a wannan gidan na aro ne, kujeru ne a bayansa, har tarin mai ɗaukar hoto yana ji. Gwiwarsa ta gama aiki, likita ya ce ya isa haka. In suka fita jibi, shi ke nan, ya ajiye safar hannu.

“Sau ɗaya nake so in kama ƙwallo in ji ihu daga bayana,” ya ce. “Ba daga gaba ba. Daga nan.” Ya taɓa ƙeyarsa.

Matata takan ce bakina ya fi motar da nake tuƙawa gudu, kuma ba ƙazafi ta yi mini ba. Kafin in yi tunani na ji kaina ina cewa, “Kyaftin, a Abuja? Mutane ne ba mu da su? Ka bar mini wannan.” Tausayi ne ya sa na faɗa, wannan gaskiya ne. Amma akwai son a sani a ciki, shi ma gaskiya ne. Mutum ya shekara goma sha ɗaya yana buɗe wa wasu ƙofa, rana ɗaya kyaftin ɗin ƙasa ya kama hannunsa da hannu biyu yana godiya, ai dole kai ya ɗan kumbura.

Tara jama'a ba sabon aiki ba ne a garin nan, 'yan siyasa sun koya wa kowa. Jakadan ya yi murna, ya ce zai sa a dafa shinkafa a buga riguna da ƙananan tutoci. Shiga fili kyauta ne, don ba wanda zai sayi tikitin wasan nan ko da an haɗa masa da lemo. Abin da ya rage mota ne. Na wuce tashar Nyanya wajen ciyaman ɗin motocin da ke shiga gari. Tsohon abokina ne, tare muka yi kwandasta muna samari. Bagwari ne, Hausarsa irin ta Abuja, ba ruwanta da mace ko namiji.

“Mota nawa kana so?” ya ce.

“Shida, Ciyaman.”

“Zan ba ka shida, no wahala. Wasan ƙarfe nawa ne?”

“Ƙarfe huɗu.”

Ya ajiye kofin da ke hannunsa. “Oga direba, ka ji ni da kyau. Five o'clock mota na zai tashi, ko da mutum ko ba mutum. Kai ɗan Nyanya ne, ba sai na yi maka lakca ba.”

Ba sai ya yi ba kuwa. Wanda bai zauna Nyanya ba ba zai gane ƙarfe biyar ba. Mu ne masu share garin nan, da tuƙa shi, da gadinsa, da dafa masa abinci, amma garin bai yarda mu kwana a cikinsa ba. Da safe hanya ɗaya ta zuba mu ciki, da yamma hanyar ta kwashe mu. In ka kama ta kafin biyar, za ka yi sallar magariba a masallacin layinku. In ka bari ta wuce da minti ashirin, to ka yi isha'i a gefen titi kana shaƙar hayaƙi. Jikinmu ya san wannan ba sai mun duba agogo ba. Biyar saura kwata, a kowane ofis, za ka ga ɗan Nyanya yana lalubar takalminsa da ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na ga an tashi daga ɗaurin aure a gari ba a jira addu'a ba. Na ga an tashi daga zaman makoki. Su kuwa direbobin haya, lodin yamma shi ne abincinsu.

Na yi lissafin a tsaye a gabansa. Ƙarfe huɗu, a ƙara minti arba'in da biyar. Rabin wasa ke nan, cif. Na buɗe baki na ce, “Ba matsala, Ciyaman.”

Wannan kalma ita ce sana'ar direban manya. Ba a kai mummunan labari kujerar baya. Mai ya kusa ƙarewa, ba matsala, oga. Taya tana rawa, ba matsala, oga. Ka faɗa, sannan ka yi ta addu'a a zuci har ku isa. Na gaya wa kaina cewa in wasa ya yi zafi ba wanda zai motsa. Na kuma gaya wa kaina cewa ko sun tashi, ai kyaftin zai samu rabin farko, zan zaunar da su bayan raga ɗaya, shi kuma mai jin yunwar shekara goma sha biyar da ya gan su zai nufi ragar. Kwana biyu ina kai shi ina dawo da shi, yana tambayata, “Mutanena fa?” ina cewa suna nan tafe. Sau nawa maganar ƙarfe biyar ta zo mini har bakin leɓe na haɗiye. Kunya nake ji ya san cewa magoya bayan da na samo masa na aro ne, kuma mai su ya sa lokacin da za a mayar.

Jama'a kam na tara. Mai shayin bakin layinmu da masu zama a bencinsa. 'Yan ga-ruwa, da masu gyaran takalmi, da samarin da ke tura baro a kasuwa. Matan cocin da ke bayan gidanmu, masu waƙa, suka ce za su zo da gangarsu. Wani mai kalangu da ke bin bukukuwa ya ce ranar ba shi da biki. Matata ta gayyato maƙwabtanta. Tambayoyin da na sha ba su da iyaka. Musulmi ne? Suna da man fetur? In sun ci za a kai mu can? Na yi ta fama in koya musu sunan ƙasar, kowa da yadda yake karya shi, har na haƙura. Na ce kalma ɗaya za ku riƙe: Kyaftin. Dogo ne, rigarsa ruwan ɗorawa, in kun ga ya taɓa ƙwallo ku tayar da rufin filin.

Ranar wasan na kai 'yan wasa da wuri, na fito bakin ƙofa ina jira. Motocin suka iso, aka yi la'asar a kan kwalaye, aka raba shinkafa da riguna, aka yi rigimar da ba a rasawa, wannan ya ce rigarsa ta matse shi, wancan ya ce ba nama a tasa. Masu tsaron ƙofa kuma suka ƙi yarda a shiga da ganga sai da aka yi ta magiya. Kafin mu gama hawa matakala an fara taken ƙasar. Na zuba su a bayan ragar da ta fi kusa da ƙofa. Suka miƙe tsaye don girmamawa, ba wanda ya san waƙar, matan cocin suka kama sautin suna binsa da hanci, sauran suka tafa tun ba a gama ba.

Kyaftin yana cikin layi, hannunsa a ƙirji. Da ya ji tafin sai ya juyo da kai. Ina ganin fuskarsa daga inda nake. Bakinsa ya daina bin waƙar. Wanda ke kusa da shi ya zungure shi da gwiwar hannu, bai ma ji ba. A wannan minti ɗaya na ji ni wani ne, har na ƙara gyara hula.

Alƙalin wasa ya kira kyaftin biyu tsakiya, ya jefa kwabo sama. Na ga ya duba, ya nuna namu. Shi ya ci, shi zai zaɓi raga. Sai na ga ya ɗaga dogon hannun nan ya nuna can, ragar da ke ɗaya ƙarshen filin, inda babu ko kare. Na ce a raina ko ya ruɗe ne. Ya juyo wajenmu yana murmushi har kunne, ya ɗaga yatsa biyu, sannan ya taɓa ƙeyarsa.

Sai na gane. Rabi na biyu yake nufi. In an dawo hutu ana musayar raga, shi kuma ya ajiye mu sai lokacin, kamar yadda ake ajiye tsokar nama a gefen kwano sai an gama tuwo. Yana so minti arba'in da biyar na ƙarshe a rayuwarsa ta ƙwallo su kasance da mutane a bayansa. Tunanin mai hankali ne. Abu ɗaya ne bai sani ba, kuma ni kaɗai ne a filin nan da zan iya gaya masa.

Na gangara da gudu zuwa shingen da ke raba kujeru da fili. Ɗan sandan da ke wurin ya dubi katin da ke wuyana ya ce, “Direba, koma sama.” Na kira matar ofishinmu a waya, tana can wajen manyan baƙi, ba ta ɗauka ba. Ko ta ɗauka ma me za ta yi? An riga an hura usur.

Zan faɗi gaskiya a kan mutanena, sun yi aiki. Mutanen da da safe ba su san akwai ƙasar a duniya ba, minti goma da farawa suna zagin alƙali saboda ita. Mai kalangu ya haɗu da gangar coci suka samo wani kiɗa da ban taɓa ji ba. Golan abokan karawa, wanda tsautsayi ya kawo gabanmu, ya ji abin da bai taɓa ji ba a kan kansa da kunnuwansa da tafiyarsa. Mai shayi ya cire hula yana kaɗawa. Matata, wadda ko a gida in ana kallon ƙwallo ɗaki take shigewa, na gan ta a tsaye tana ihu da tuta a hannu.

Shi kuwa yana can nesa, ɗan ƙarami cikin ruwan ɗorawa. An matsa musu lamba ƙwarai, ƙwallo ba ta barin gidansu, amma duk wadda ta zo sai ya tare. Wajen minti talatin aka ba da fenareti a kansu. Ya faɗi hagu ya doke ta waje. Wurinmu ya kece, “Kyaftin! Kyaftin!” Ya tashi ya ɗago mana hannu daga can. Ihun ya same shi, amma daga gaba, kuma daga nesa. Ni kaɗai ne ban yi tsalle ba, idona yana kan agogo.

Aka tafi hutu babu ci. Yana fita yana yi mana alama da tafin hannu, wai mu jira, yana zuwa.

Usur ɗin bai gama sauka ba na ji hon daga waje, irin doguwar dannawar nan ta direbobin tasha. Ba wanda ya ce a tashi. Kawai na ga mutane suna miƙewa, suna naɗe tutoci, mata suna gyara ɗaurin zane, kamar an tashi daga masallaci. Na tare bakin matakala na buɗe hannuwa.

“Don girman Allah ku tsaya! Minti arba'in da biyar ne! Yanzu zai zo nan gabanku!”

Mai shayi ya ce, “Malam, wallahi wasan ya yi daɗi. Amma ban hura wuta ba, kuma masu dawowa daga aiki ba za su sha ƙwallo ba.” Ya raɓa ta gefena ya wuce.

Shugabar matan cocin ta dafa kafaɗata. “Oga, mun yi ƙoƙari fa. Yara suna dawowa daga lesin, ƙofa a kulle. God go help am.”

Na ruga waje wajen ciyaman. Yana tsaye jikin motar farko, injuna duk a kunne. Na roƙe shi, na haɗa shi da zaman da muka yi, na ce ko mota biyu ya bar mini.

“Na gaya maka ko ban gaya maka ba?” ya ce. “Ka ce ba matsala. Direbobi na sun bar lodi tun rana saboda kai. Yanzu kana so su bar na yamma? Abeg, oga direba.”

Na zage shi. A gaban yaransa na zage shi, zagin da har yau in mun haɗu gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu. Kuma shi ne mai gaskiya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Wasu samari sun ce su za su tsaya, ko a ƙafa sa koma. Da suka ji motar ƙarshe ta fara motsi, sai ga su suna tsallake matakala uku-uku. Matata ce ta ƙarshe. Ta tsaya a gabana da tutarta a hannu, ta kasa kallon idona.

“Baban yara, ban ɗora tukunya ba. In na tsaya, da me zan koma?”

Na ce ta tafi. Ta miƙa mini tutar ta tafi.

Na koma sama. Robobin shinkafa a ƙarƙashin kujeru, ledojin ruwa, takalmin wani ƙafa ɗaya. Sai wata tsohuwa da ban san ta inda ta shigo ba, da buhu a hannu tana tsintar gorunan roba. Ni da ita ne magoya bayan ƙasar.

Kyaftin ne ya fara fitowa daga ɗakin hutu. Da gudu ya fito, kansa a ƙasa, yana buga safar hannunsa ɗaya da ɗaya, kamar mai shirin shiga ruwan sanyi. Sai da ya wuce tsakiyar fili sannan ya ɗago. Gudun ya koma sassarfa, sassarfar ta koma tafiya. Ya duba hagu ya duba dama, ko an canja mana wuri. Ya ƙaraso ragar, ya ajiye tawul da gorar ruwansa a kusurwa, ya juya mini baya. Tsakanina da shi bai fi taku ashirin ba. Ina ganin zufa a wuyansa.

Na gwada. Na ɗaga tutar na yi ihu, “Kyaftin!” Muryar mutum ɗaya a filin nan abin tausayi ce, ta je ta bugi kujerun can ta dawo mini. Na sake, na sake. A na huɗu na ga kafaɗunsa sun ɗan ɗaga, kamar wanda ake taɓa masa ciwo, sai na yi shiru na zauna.

Minti goma da dawowa wani ya sako masa wata ƙwallo daga nesa, tana tafiya kusurwar sama. Ya tashi da wannan gwiwar da likita ya ce ta gama, ya kai mata yatsu ya ture ta saman ƙarfe. Ban taɓa ganin irinta da idona ba. Ya faɗo ƙasa, ya ɗan jima a kwance. Abin da aka ji daga bayansa shi ne ƙarar gorar roba da tsohuwar nan ta take da ƙafa don ta shiga buhu.

Na zauna ina raba laifi. Na ba masu duba filaye nasu, da suke hana mutum buga wasa a gaban uwarsa saboda lambar kujera. Na ba waɗanda suka sa wasa ƙarfe huɗu don kada a kunna fitila. Na ba garin nan da ya gina fili mai ɗaukar dubban mutane, sannan ya tura mutanen can bayan duwatsu ya bar musu hanya ɗaya. Duk sun ci nasu kason, kuma har gobe ina jin haushinsu. Amma ko na raba na raba, sai in ga babban kason yana nan a gabana.

An ci su biyu kafin a tashi. Ta farko daga bugun kwana aka sa kai, ta biyu kuwa 'yan bayansa sun riga sun gaji. Duk biyun shi ya shiga raga ya ɗauko da kansa. Da aka hura tashi abokan karawar suka ɗan rungumi juna ba wani ɗoki, su ma sun san manya na jiransu a gaba.

Ya cire safar hannun, ya ɗauki tawul ɗinsa, ya tako har jikin shingen. Na sauko. Ɗan sandan bai hana ni ba wannan karon.

“Direba, ina suka je?”

“Gida, Kyaftin.”

“Mun yi musu wani abu ne?”

“A'a, wallahi. Hanya ce. Hanyar unguwarmu tana cushewa ƙarfe biyar. Dole su tafi kafin lokacin.”

Ya juya maganar a ransa, ina ganin yana ƙoƙarin fahimtar yadda hanya za ta tashi mutane daga kallon ƙwallo.

“Kullum haka take?”

“Kullum.”

“To ka sani tun jiya.”

Bakin nan nawa mai gudu ya tsaya cik. Na ce, “Na sani.”

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya dubi kujerun da ke bayana, ya dubi ragar can ta nesa inda ya yi rabin farko, sannan ya dawo da idonsa kaina.

“Alƙali ya tambaye ni wace raga nake so,” ya ce. “Ni aka ba zaɓi, direba. Da ka gaya mini, da wannan na ɗauka.”

Ya saɓa tawul ɗinsa a kafaɗa ya nufi ɗakin canja kaya yana jan ƙafar hagu, ni kuma na tafi in juyo da mota.